Shawara: Makaho ya kasa neman ma'aikatana ta shafina na intanet, me zan gyara?

Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar lambu a Kaduna: renon dashe, shuka fulawa da ciyawa a gidaje, askin shinge, feshin gara da ban ruwa lokacin rani. Ina da yara da ke aiki a ƙarƙashina. Bara ɗan yayata, wanda ya karanta kwamfuta, ya buɗe mini shafin intanet kyauta, kuma duk wanda ya gani sai ya yaba. Kwanan nan wani Alhaji, tsohon ma'aikacin gwamnati da hawan jinin ido ya tafi da ganinsa, ya kira ni. Ya ce a wurin maƙwabcinsa ya samu lambata, bayan ya sha fama da shafina ya haƙura. Wayarsa tana karanta masa labarai, da ita yake tura kuɗi, amma a shafina ba ta cewa komai sai hoto, hoto, hoto. Cikin raha ya faɗa, amma kunya ta kama ni. Da na gaya wa yaron sai ransa ya sosu, ya ce nakasassu nawa ne za su nemi mai gyaran lambu? In na matsa, wai akwai wani maɓalli da ake biya da dala, a maƙala a gefen shafi ya gyara komai. Malam, ba na son in ɓata da yayata a kan aikin da aka yi mini kyauta, kuma ba ni da kuɗin gina sabon shafi. Yaya zan yi?
Mai lambu, Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya kuma saka wa Alhaji da alheri, don ya yi maka abin da ba kowa ke yi ba. Yawancin waɗanda shafi ya ba wahala ba sa kira su yi ƙorafi. Rufewa suke yi su nemi wani, kai kuma ba za ka taɓa sanin ciniki ya wuce ka ba.

Bari mu ɗauki tambayar ɗan naka tukuna, don a kanta komai ya rataya. Zauna ka lissafa gidajen da kake wa aiki a Malali da Unguwar Rimi da Barnawa. Wa ke fitar da kuɗi a yi masa askin shinge? Maigidan da ya yi ritaya ne, gwiwa ta ƙi. Hajiyar da ciwon suga ya taɓa wa ido. Wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, hannu ɗaya ke masa aiki. Saurayi mai jini a jika, in ma yana da fili, shi zai ja mesa ya ba shukarsa ruwa da yamma. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya cire ciyawa, ba ya iya ɗaukar bokiti, ba ya ganin gara ta fara hawa mangwaro, shi ya fi kowa buƙatarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kusan ɗaya cikin shida na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar nakasa, kuma abin yana ƙaruwa da shekaru. Tun da dattawa ne suka fi mallakar gidaje masu fili, ni a ganina kason a cikin masu ba ka aiki ya wuce haka. Da takalman ƙwallo kake sayarwa, da sai in ce maganar yaron tana da ɗan kamshin gaskiya. A sana'ar lambu kam ba ta da shi.

Kada ka sayi maɓallin nan. Zan dawo kansa.

Abin da ya faru da Alhaji shi ne wannan. Wayarsa ba ta ganin shafi yadda kake ganinsa. Akwai manhaja a cikinta, TalkBack idan Android ce, VoiceOver idan iPhone ce, wadda ke bin shafi daga sama har ƙasa tana furta duk rubutun da ta tarar. In ya shafa yatsa zuwa dama ta matsa abu na gaba, in ya ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe shi. A kwamfuta akwai irinta mai suna NVDA, kyauta ce, kuma wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta. Wannan ma ka gaya wa yaron, ko zai rage yi wa makafi kallon waɗanda ba ruwansu da kwamfuta. To ita manhajar rubutu take ci. Rubutun da aka zana a cikin hoto, a wurinta hoto ne kawai. Sababbin wayoyi suna ɗan ƙoƙarin cankar abin da ke cikin hoto, amma canka ce, ba a kuwa tura kuɗi a kan canka.

Ban ga shafinka ba, amma daga cewar Alhaji hoto, hoto, na gane inda gizo ke saƙar. Fosta ce. An tsara farashi da lambar waya da lambar asusu a cikin fosta mai kyau, irin wadda ake turawa a WhatsApp, aka ɗora ta a shafi aka ce an gama. Wannan shi ne babban ciwon, kuma maganinsa bai kai aikin yini ɗaya ba: duk abin da ke cikin fostar a sake rubuta shi a matsayin rubutu na gaske. Yankan ciyawa kaza, askin shinge kaza, dashen lemo da gwaiba kaza, ban ruwa na wata kaza. Unguwannin da kuke zuwa a jera sunayensu, kada a tsaya ga hoton taswira da aka zagaye da jan layi. Lambar waya ta zama wadda in an taɓa ta take kira. Lambar asusu da sunan banki da sunan mai asusun su zama rubutun da za a iya kwafa. Fostar tana iya zama a wurinta don ado, ba wanda ya ce a cire ta. Riba ta biyu kuma ita ce Google ma rubutu yake bi, don haka wanda ya nemi mai gyaran lambu a Kaduna zai fi saurin faɗowa kanka.

Kafin ka sake yi wa yaron magana, gwada da kanka. Shiga saitin wayarka, ɓangaren da aka rubuta Accessibility, ka kunna TalkBack. Ka fara duba yadda ake kashe ta, don da zarar ta kunnu wayar za ta daina amsa taɓawa yadda ka saba, kuma mutane da yawa sukan rikice su ɗauka wayar ta lalace. Buɗe shafinka, ka rufe ido, ka ɗora wa kanka aiki ɗaya: ka gano nawa ne askin shinge, sannan ka nemi a turo maka ma'aikaci. Za ka ji tana cewa button ta yi shiru, ba ta faɗi na mene ne ba. Za ka ji tana karanto sunan hoto, haruffa da lambobi barkatai irin waɗanda kyamara ke bai wa hotuna. Minti goma na wannan sun fi duk bayanin da zan yi maka.

Hotunan aikinka kuwa su ne jarinka, ba za a taɓa su ba. Kowane hoto yana da wani ɓoyayyen gurbi da masu gina shafi ke kira alt, inda ake rubuta bayaninsa. Mai ido ba ya ganin bayanin, manhajar ce ke karanta shi. Kai ya kamata ka rubuta su, ba yaron ba, don kai ka san aikin. Kada ka rubuta "hoton lambu". Rubuta abin da za ka gaya wa mutum ta waya: "Shingen ƙofar gida bayan aski, an daidaita shi daidai ƙirji, an share ƙarƙashinsa." Ko: "Dashen mangwaro a leda, tsawonsa ya kai gwiwa." Jimla ɗaya ta isa. Hotunan da ba su da aiki sai ado, irin ganyen da aka zana a kusurwa, a bar gurbinsu babu komai yadda manhajar za ta tsallake su, kada a cika wa mutum kunne. Facebook da Instagram ma suna da wurin rubuta irin wannan bayani a kan hoto. A WhatsApp kuma, duk fostar da za ka tura ka rubuta abin da ke cikinta a ƙasa. Ka kuma rage jera fulawoyin emoji, don manhajar sai ta faɗi sunan kowane ɗaya. Ka yi tunanin jin "jar fure" sau takwas kafin a kai ga farashi.

Makafi ba su ne masu yawa ba. Waɗanda ganinsu ya ragu sun fi su nesa ba kusa ba, masu yanar ido da masu neman tabarau ba su samu ba. Su kuma abin da ke wahalar da su launi ne da girman rubutu. Masu gina shafin lambu suna da wata cuta guda: kore a kan kore, ko farin rubutu siriri a kan hoton ciyawa. A ɗaki yana da kyau. Fita da wayar tsakar gida da azahar a watan Maris ka gani ko kai ma za ka iya karantawa. Akwai ma'auni a kan wannan. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, tana da kundin da ake kira WCAG, wanda bugunsa na 2.2 ya fito a watan Oktoba na 2023. Ya ce bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa ya kai 4.5 bisa 1, babban rubutu kuma 3 bisa 1, sannan shafi ya jure a ninka girman rubutunsa ba tare da wani abu ya ɓace ko ya hau kan wani ba. Ba sai ka haddace ba, yaron zai gane. A aikace dai, baƙin rubutu ko kore mai duhu sosai a kan fari, shi ke nan. Kada kuma launi kaɗai ya ɗauki saƙo. In kore na nufin akwai dashen a ƙasa, ja na nufin ya ƙare, to a rubuta "akwai" da "ya ƙare", don ja da kore su ne launukan da masu matsalar bambance launi suka fi ruɗewa a kai, kuma an fi samun wannan a maza.

Ga wani wurin da za ka yi hattara, don gyaran wani ɓarnar wani ne. Mu nan mun saba da saƙon murya, kuma yana da amfani ƙwarai ga makaho da wanda bai yi boko ba. Amma kurma fa? In hanyar samunka ɗaya ce, a kira ka a waya, ka rufe masa ƙofa. In ya rubuto maka a WhatsApp ka mayar masa da murya, ka sake rufewa. Sai ka buɗe hanyoyi fiye da ɗaya: kira, rubutaccen saƙo, da fom ga mai so. Ka kuma kafa wa kanka da yaranka doka, wanda ya rubuto a rubuta masa, wanda ya turo murya a mayar masa da murya. Bidiyon da kake bayanin yadda ake haɗa taki da ƙasa, a sa masa rubutu a ƙasa. Wannan ma ba kurame kaɗai zai amfana ba, mutane da yawa a kashe suke barin sauti in suna cikin jama'a.

Fom kuwa, in akwai shi, a rage masa kaya. Suna, lamba, unguwa, aikin da ake so. Kowane gurbi da sunansa a samansa, wanda ba ya ɓacewa in an fara rubutu. In mutum ya yi kuskure a gaya masa da kalmomi, "lambar wayar ba ta cika ba", ba a zagaye gurbin da ja a bar shi yana lalube ba. Gwajin nan na zaɓi hotunan da ke da mota ko fitilar hanya, a cire shi. Kai ba banki ba ne. Maɓallai su yi girman da mai karkarwar hannu zai taɓa ba tare da ya taɓa na kusa ba. WCAG 2.2 ta sa mafi ƙanƙanta fiksel 24 (ma'aunin girma a allon waya ko kwamfuta) tsawo da faɗi, ni kuwa na ce a wuce haka sosai. Sai yaron ya ajiye linzamin kwamfuta gefe, ya bi shafin da madannin Tab kaɗai, ya ga ko zai kai ko'ina kuma yana ganin inda yake, don akwai masu amfani da kwamfuta da ba sa iya riƙe linzami. Hotunan da ke sulalewa da kansu a saman shafi a sa musu abin tsayarwa, ko a bar guda ɗaya mai kyau. In akwai kiɗan da ke tashi da an buɗe shafi, a kashe shi yau, don yana danne muryar da makaho ke saurare. Duk waɗannan suna rage wa shafi nauyi, ya riƙa buɗewa da wuri ko da sabis ya yi ƙasa, ya kuma rage cin data.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa: a cikin ginin shafi akwai inda ake faɗin harshensa. Alamar Hausa ita ce ha, ta Turanci en. In shafinka ya haɗa biyun, a sa wa kowane ɓangare tasa, don da ita manhajar ke sanin irin lafazin da ya kamata ta nema. A kuma tsara kanun rubutu da alamominsu na gaske, ba a ƙara wa rubutu kauri kawai a ce ya zama kai ba, saboda da kanu makaho ke tsallake daga "Ayyukanmu" zuwa "Farashi" ba sai ya saurari komai ba.

Yanzu maɓallin dala. Ana tallarsa da cewa layi ɗaya za ka liƙa, na'ura ta gyara sauran. Kai ka fi ni sanin cewa in gara ta kama saiwa, ba a yayyafa wa ganye ruwa a ce an yi magani. Maɓallin ba zai mayar da fostarka rubutun da za a amince da shi ba, ba zai san cewa shingen nan daidai ƙirji aka aske shi ba. Abin da yake bayarwa, ƙara girman rubutu da sauya launi, yana cikin wayar mai buƙata tun can, ya kuma saita ta yadda yake so. Makafi da dama ma suna kukan cewa irin waɗannan maɓallai karo suke yi da manhajarsu. A 2025 hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu saye, ta sa wani kamfani mai sayar da su ya biya dala miliyan 1 saboda iƙirarin da yake yi cewa kayansa na sa kowane shafi ya cika ƙa'ida. Riƙe kuɗinka ka sayi taki.

Ba na son in tsorata ka da kotu, amma ya kyautu ka san inda duniya ta dosa. A Amurka wani makaho, Guillermo Robles, ya kai kamfanin Domino's ƙara a 2016 don ya kasa sayen abinci ta shafinsu, kamfanin ya ja har Kotun Ƙoli, ita kuma a 2019 ta ƙi sauraren kokensa. A nan gida akwai dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Abin da ta fi fitowa fili a kai shi ne gine-gine, sufuri, ilimi da ɗaukar aiki. Kai dai ba tsoron tara ya kawo ka wurina ba, kunya ce, kuma ta fi tarar amfani.

Batun yaron da yayarka, ni ban ga abin ɓatawa ba, in dai ka iya bakinka. Ya yi aiki don Allah da zumunci, sai ya ji kamar an ce aikin banza ne. Kada ka je masa da "Alhaji ya ce shafinka bai yi ba". Kira shi ya zo wajen renon dashe, ku sha shayi, ka miƙa masa wayar da TalkBack a kunne ka ce ya nemo maka farashin askin shinge ido a rufe. Mai ilimin kwamfuta ba ya son na'ura ta kayar da shi, da kansa zai fara gyara. Ka gaya masa ba shi kaɗai ba ne: cibiyar WebAIM da ke Amurka tana duba shafuka miliyan ɗaya mafi shahara a duniya kowace shekara, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari ana samunsu da irin waɗannan kurakurai, rubutu mara fitowa sosai a kan gaba. Su ɗin ma suna da abin gwaji kyauta mai suna WAVE, akwai kuma Lighthouse a cikin Chrome. Za su nuna masa wani ɓangare na matsalolin, ba duka ba, don na'ura tana gane cewa hoto yana da bayani amma ba ta gane ko bayanin shirme ne. Wannan karon kuma ka biya shi wani abu, ko yaya ne. Aikin kyauta ba a iya cewa a sake shi. Aikin da aka biya ana iya cewa. Shi ma ya ƙaru, don ƙungiyoyi da kamfanonin waje da ke ba da aikin gina shafi suna tambayar wannan ƙwarewar.

In an gama, ka koma wa Alhaji ka roƙe shi ya sake gwadawa, kana zaune kana kallo, kada ka karɓi wayar ka taya shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka nemi kurma ɗaya da wani dattijo mai raunin gani su ma su gwada. Lokacinsu ka ɗauka, don haka ka saka musu, ko da aski ɗaya na shinge kyauta ne ko 'yan dashen gwaiba.

Saura abu ɗaya da bai shafi intanet ba. In shafin ya gyaru, irin waɗannan gidaje za su ƙaru a hannunka, sai ka shirya yaranka. Makaho ya haddace tsakar gidansa da ƙafa da sanda. Tukunyar fulawar da yaro ya matsar taku biyu don ta fi kyau a can, tuntuɓe ce. Mesa a miƙe a kan hanya, manjagara a kwance haƙoranta sama, baro a bakin ƙofa, ramin dashe da aka bari a buɗe za a dawo gobe, duk a hana. In sun shigo su yi sallama su faɗi sunansu da abin da suka zo yi, in za su tafi su faɗa, su kuma faɗi abin da suka canza. Reshen da ya sauko daidai fuska a datse shi, don sanda ba ta gano abin da ke sama. In an yi feshi a gaya wa maigida da baki, a kuma tura masa a rubuce, wane wuri aka fesa da kuma yaushe za a iya taɓa ganyen ko a tsinki na miya. Mai keken guragu ko mai ciwon baya ka ba shi shawarar a ɗaga masa kwamin shuka zuwa inda hannunsa zai kai daga zaune, a bar hanya mai faɗi da tauri a tsakani. Mai larurar gani kuma ka tambaye shi ko yana son abin ƙamshi kusa da inda yake zama, na'ana'a, ɗoɗɗoya ko lalle, ka kuma nisanta masa masu ƙaya daga bakin hanya. Ka rubuta a shafin cewa kuna yin waɗannan ayyuka, a ƙarƙashin "Ayyukanmu", tare da farashinsu.